Dillalin da ya sama mini gida a Haɗejiya: abin da ya faɗa da abin da ya haɗiye

Wani abokin aikina da za a mayar Haɗejiya bayan sallah ya kira ni yana neman lambar dillalin da ya sama mini gida. Na ce zan ba shi, amma sai ya saurari labarin tukuna, don mutumin nan ya yi mini rana, ya kuma jiƙa mini katifu uku. Duka biyun gaskiya ne.

A watan Maris na 2022 wurin aikinmu, masu sayar da taki da maganin feshi, suka ɗauke ni daga Kano suka ce in koma Haɗejiya saboda manoman shinkafa da alkama na wajen Auyo. Ban san kowa a garin ba. Wani direba a tashar Yankaba ne ya haɗa ni da dattijon, wanda zan kira Baba dillali kawai. Ba shi da ofis. Benci ne a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, da littafi mai bangon leda, da 'ya'yansa biyu masu babur. Aikinsa kashi uku ne: ya nemo maka gida, ya haɗa ka da mai motar kanta da zai kwaso kayanka, ya tanadi 'yan dakon da za su sauke. La'adarsa kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, kuma tun kafin mu hau babur ya faɗa, bai bari sai an gama ciniki ba. Wannan na yaba masa, don a Kano na taɓa biyan kuɗin ganin gida sau huɗu ban samu ko ɗaki ba.

Gida uku ya nuna mini, kuma duk zagayen bai kai awa ɗaya da rabi ba. Nan na fara gane irin garin da na zo. Shimfiɗe yake kamar tabarma. Mutumin da ya tashi yana ganin Dala da Gwauron Dutse sai ya yi ta waige-waige yana neman abin da zai kafa ido a kai, babu, sai hasumiyar masallaci da ƙarfen sabis.

Gida na farko yana kan tudu, can gefen gari, yashi har idon sawu, daɓen siminti ya tsattsage, banɗaki a tsakar gida. Na biyu ba ya cikin lissafi, maigidan yana son ya bar wa tumakinsa ɗaki ɗaya. Na uku kuwa ɗaki uku da falo, tayil ƙal-ƙal, sabon fenti, rijiya a tsakar gida, kusa da kasuwa, naira dubu 180 a shekara. A Hotoro ina biyan dubu 350 a ɗaki biyu, kuma ni da maƙwabci muna raba mita ɗaya muna rigima a kanta.

Na tambaye shi, "Baba, ruwa fa?" Ni ruwan sha nake nufi, don a Kano jarkar 'yan ga-ruwa ta ci mini albashi.

Ya gyara hula ya ce, "Ruwa kam akwai shi, Malam. Har yakan yi yawa."

Na yi dariya, na biya kafin alƙalami. Ku riƙe wannan amsar, za mu dawo kanta.

Kwashe kayan ya tafi daidai fiye da yadda na zata. Mai kantar ya iso ƙofar gidana bayan asuba kamar yadda aka yi alkawari, muka yi lodi, muka bi hanyar Gujungu, kafin la'asar an sauke komai. Dubu 70 na biya, amma a tuna wannan kafin a cire tallafin mai ne a watan Mayun 2023, yanzu kada wanda ya je da wannan lissafin. Ɓarna biyu aka yi. Yaran mota sun kwantar da firji a gefensa duk da na hana, sai da na bar shi tsaye kwana guda kafin in kunna, Allah Ya taimaka bai mutu ba. Madubin durowar uwargida kuma ya tsage gida biyu. Ban ma buɗe baki ba Baba ya kira direban gefe, suka yi ƙus-ƙus, aka rage mini dubu biyar. Kuɗin bai sayi madubi ba, amma a ƙaramin gari dillali ba ya iya ɓuya, gobe ma a masallaci ɗaya za ku haɗu, shi ya sa maganarsa take da nauyi a wurin direbobi.

Watannin farko na ji daɗin garin ƙwarai. Babban abin da Haɗejiya ta ba ni shi ne lokaci. A Kano ina fita yara suna barci, in dawo bayan isha da ƙurar adaidaita sahu a maƙogwaro. A nan minti bakwai ne daga gida zuwa shago a kan babur. Ina cin abincin rana a gida, abin da rabona da shi tun ina saurayi. Ina kai yara Islamiyya da kaina. Kifi kuwa, wanda bai shiga kasuwar kifin garin nan ba bai san dalilin da ya sa manyan motoci suke zuwa daga Kudu ba. Tarwaɗa, ƙarfasa, kifin banda kwali-kwali, har da busassun kwaɗi da ake lodawa a kai wa masu cinsu. Mu da muke ganin kifi a miya sau ɗaya a mako sai ga shi yara sun fara cewa sun gaji. Shinkafa 'yar gida a wurin mai casa nake saye, tumatur da tattasai lokacin rani kusan kyauta.

Mutanen garin suna da alfahari da kansu, kuma suna da dalili. Ba za ka yi wata guda ba sai wani ya ba ka labarin Sarki Muhammadu da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906 ya mutu yana yaƙi, ko ya tuna maka cewa Biram ta Hausa Bakwai tana nan kusa, a Garun Gabas. Bakano ya zo da taƙamar birni, a hankali za a sauke masa ita, cikin raha.

Wahalhalun ma ba su ɓuya ba. Zafin Afrilu da Mayu a filin da babu inuwar dutse wani abu ne daban, ga wutar lantarki da sai ta ga dama, dole na haɗa 'yar sola don fanka biyu. Hunturu in ya taso babu abin da ke tare shi. Sauro kuma ba baƙo ba ne, ɗan gari ne, garin da fadama ta kewaye ba a kwana ba gidan sauro. In injin feshi ya lalace, ko wani ƙarfen mota, sau da yawa sai an ba direba saƙo Kano, ka jira gobe. Ciwon da ya fi ƙarfin babban asibitin gari sai a tura ka Kano ko Dutse ko Nguru, kuma tafiyar awa biyu ko uku da marar lafiya a mota ba wasa ba ce. Uwargida ta fi ni jin jiki. Tana ɗinki, a Kano kuɗi hannu ake ba ta, a nan rabin masu kawo ɗinki sai su ce a bari sai kaka. Kuɗin garin da amfanin gona yake tafiya: in an yanke shinkafa ko an kaɗe riɗi kowa mai kuɗi ne, in damina ta yi tsakiya kowa bashi yake nema. Ga bikin dangi da suna da take ji a waya. Sannan duk abin da ka saya a kasuwa da safe, kafin azahar maƙwabta sun san nawa ka biya.

Duk waɗannan Baba ya gaya mini wasu, wasu kuma ba aikinsa ba ne. Wanda yake aikinsa, shi ne ya haɗiye.

Ruwan sama na farko mai ƙarfi a watan Yuli ya kwanta a layinmu kwana biyu. Na ce ai damina ce. A watan Agusta ya shigo zaure. Ranar nan ne na lura da abin da ya kamata in gani tun Maris: duk gidajen layin suna da dakali mai tsayi a bakin ƙofa, wasu sai ka taka matakala biyu ka shiga, namu ne kawai yake daidai da titi. Da danshi ya ci sabon fentin nan sai ga wani layi ya fito a bango, miƙaƙƙe kamar an ja da rula, ya kusa kai gwiwa. Shaidar ruwan shekarun baya ce aka shafe.

A Kano ruwa in ya sauka yana da inda za shi, ko ta Jakara ko ta wani kwari, ya yi ɓarnarsa ya wuce. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ya wucewa, zama yake yi. Bambancin tudu da kwari a nan bai fi kamu biyu ko uku ba, ido ba ya ganinsa da rani, amma shi ne bambancin wanda zai kwana a gado da wanda zai kwana yana kwalfe ruwa da bokiti. Ba banza aka sa wa jihar suna Jigawa ba, waɗannan jigayin yashi da na raina a gida na farko su ne dukiyar. Ga kuma kogin. Ruwan Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su gangaro nan, na farko ta madatsar Tiga da aka gama a 1974, na biyu ta madatsar Challawa ta 1992. Ƙasa da garin kuma, inda ruwan ya kamata ya bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru ya nufi Gashuwa, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyi da yawa. Ruwa na zuwa ta sama, ƙofar fita ta ƙanƙance.

A watan Satumba na 2022 abin ya kai inda ya kai. Ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma suka sha ruwa, gonakin mutanen da na ba taki suka koma tafki, wasu hanyoyin sai da kwalekwale. A cikin gari kuwa samari suka koma bakin jinga, dare da rana ana cika buhuna da ƙasa ana toshe duk inda ruwan ya fara ci. Na je dare biyu, ba don jarumta ba, don kunya, maƙwabcina ɗan shekara sittin ya riga ni fita da shebur. Mata suna aiko da kunu da ɗumame, masu shago suna ba da buhu kyauta. Ban taɓa ganin gari ya tashi tsaye haka a kan abu ɗaya ba, kuma a nan ne mutanen unguwa suka daina ce mini "Bakanon nan" suka fara kiran sunana. Gidana dai ba kogin ne ya ci shi ba, ruwan sama ne da ya rasa mafita, da rijiyar tsakar gida da ta cika ta tumbatsa. Katifu uku, buhun shinkafa ɗaya, da kafet ɗin falo. Yara biyu suka kwanta da zazzaɓi a mako ɗaya.

Da ƙasa ta bushe na je wurin bencin nan a fusace. Na ce, "Baba, ka san gidan nan yana shan ruwa ka sa ni a ciki da iyali?"

Bai musa ba. Ya ce, "Malam, na fara kai ka tudu, ka yatsina fuska. Ka tambaye ni ruwa, na ce yakan yi yawa, ka yi dariya. Maigidan nan kuma shekara ashirin muna tare, ba zan tsaya a ƙofar gidansa in kushe masa kaya ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Rabinta gaskiya ce, tayil ne ya rufe mini ido. Amma ban yafe masa ɗaya rabin ba. Wanda ya karɓi la'adata ya san ni baƙo ne, ya san a watan Maris babu yadda za a yi in gane kwari, bai kamata ya yi mini zaurance ba. Ɗan gari zai fahimci "yakan yi yawa", baƙo ba zai fahimta ba, kuma ya san haka. Matsalar dillalin ƙaramin gari ke nan: kusancin da ya sa direba ba ya iya cutarka a gabansa, shi ne ya sa ba zai iya faɗin aibin gidan maƙwabcinsa ba. Kai za ka iya tashi bayan shekara biyu, su suna nan tare har kabari.

To, zan ba abokina lambar? Na ba shi. A wajen alkawari, da farashi, da kwashe kaya, ban ga wanda ya fi shi ba, in ana ba da maki zan ba shi bakwai cikin goma. Amma na ce masa ya yi abin da ban yi ba. Ya dubi tsayin dakalin maƙwabta kafin ya dubi tayil. Ya shafa gindin bango, in fentin ƙasa ya fi na sama sabunta ya tambayi dalili. Ya rabu da dillalin ya koma layin shi kaɗai da yamma, ya sayi shayi, ya tambayi mai shayin inda ruwa ya tsaya a 2020 da 2022, zai nuna masa da hannu. In da hali ma ya bar iyali a Kano ya kama ɗaki ɗaya har ya ga watan Agusta da idonsa.

Ni dai ban koma Kano ba, ko da aka ba ni zaɓi bara. Da hayar ta ƙare na koma wurin Baba na ce ya kai ni gidan tudun nan mai tsattsagaggen daɓe. An riga an kama shi, amma ya samo mini wani a bayansa, dubu 30 sama da na kwarin, yashi har cikin kwanon abinci in iska ta taso. Da na ƙirga masa la'ada sai ya zare rabi ya miƙo mini, ya ce in ƙara in sayi katifa.