Kafintan da ya hana ni fere ƙofofina da damina

A watan Agusta muka tare a gidan da muka saya a Kano, ana tsaka da ruwa. Sabon fentin da aka yi kafin a sayar mana ya ɓoye abubuwa da yawa. Ƙofar ɗakin barci sai an sa kafaɗa take rufuwa, ta banɗaki tana jan ƙasa, kabad ɗin kicin ya kumbura a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, sannan ga wani siririn layin jar ƙasa ya hau firem ɗin ƙofar falo. Maƙwabcina ne ya haɗa ni da wani dattijon kafinta, kuma yanzu da aka yi wata bakwai da aikinsa, ina da abin faɗa.

Ni niyyata a fere ƙofofin kawai a huta. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, katakon nan danshi ya sha. In na fere shi yadda kake so, hunturu na shigowa zai tsuke, ka riƙa hango tsakar gida daga kan gadonka." Ya nuna mini cewa katako ta faɗinsa yake kumbura, tsawonsa ba ya wani canzawa. Abin da ya yi shi ne ya cire hinjin ƙofar banɗaki, ya cusa 'yan tsinkayen katako da gam a ramukan da suka buɗe, ya ɗaure da dogayen sukurori, ƙofar ta daina jan ƙasa. Ta ɗakin barci kuwa ɗan kaɗan ya kankare inda take cijewa, ya shafa fenti a gefen sama da na ƙasa, wuraren da aka bari tsirara danshi ke shiga. Da Janairu ya zo, ƙofofin suka zauna daram, babu giɓi.

A kan gara ne ya fi burge ni. Ya ƙwanƙwasa firem ɗin da bayan guduma, muka ji yana amsawa kamar ganga, ciki duk an cinye. Bai yarda ya toshe da garin katako ya lulluɓe da fenti ba. Ya sa muka je 'Yan Katako a Na'ibawa tare, ya zaɓo busasshen maɗaci da hannunsa, ya jiƙa shi da Solignum, wato maganin da ke kare katako daga gara da ruɓewa, kafin ya kafa, ya kuma ce a zuba maganin gara a ƙasan wurin, tunda daga nan take tasowa.

Inda na ji haushi: aikin da ya ce kwana 4 sai da ya kai kwana 11, kullum da uzuri. Yaransa sun bar mana ƙura har cikin tukwane, kuma kalar sabon firem ɗin ta fi ta sauran duhu, duk wanda ya shigo falo zai lura. Na yi masa magana, ya ce zai dawo ya daidaita, har yau shiru.

Kabad ɗin kicin kuwa ya faɗa mini gaskiya, allon MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam, in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Ya ce in fara kiran mai gyaran famfo ya tsayar da yoyon tukuna. An tsayar, kuma kafintan zan sake kira ya yi mini sabo da filawud mai kauri, amma wannan karon sai mun rubuta ranar gamawa kafin in ba da kafin alƙalami.