Hattara da masu sayar da tikitin "har ƙofar gida" zuwa Birnin Kebbi

Jama'a, duk mai ɗa ko ƙane a ƙasar waje, ko mai shirin yanka wa wani tikitin dawowa gida Kabi, ya daure ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Mu dai an riga an yi da mu. Naira dubu 820 suka bi ruwa, kuɗin shinkafar rani da Baba ya sayar tun ba ta yi daraja ba.

Ƙanina yana karatu a Alƙahira. Da aka sa ranar auren 'yar'uwarmu, Inna ta kafe sai ya zo, shekara uku ba ta sa shi a ido ba. Ni aka ɗora wa neman tikiti, tunda ni ne ake ganin na san kan waya. A wani zauren WhatsApp na ci karo da tallar: hoton jirgi, hoton Ka'aba a gefe, a ƙasa an rubuta "Daga ko'ina a duniya har ƙofar gidanka, Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yauri da Zuru." Na buga lambar. Muryar dattijo ce, mai natsuwa, kuma da harshenmu na nan yake magana. "Ranka shi daɗe, ai kai namu na. Yaron karatu shikai? Allah shi yi albarka, ɗalibai rangwame muka yi musu." Ya ce jirgi zai ɗauko shi daga Alƙahira zuwa Abuja, wani ya kawo shi filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, motarsu kuma ta sauke shi a gida. Duka a kuɗi ɗaya.

Kada wani ya ce garaje na yi. Na ce masa ba zan biya ba sai na ga shaida, ya ce ai haka ake son mutum. Ya karɓi hoton fasfon yaron, ba a yi awa ɗaya ba ya turo takarda mai tambarin kamfanin jirgi, da wata lamba mai haruffa shida. "Alhaji, kak ka yarda da ni, shiga shafin kamfanin da kanka ka duba." Na shiga, na sa lambar da sunan mahaifinmu. Sai ga sunan ƙanina ɓaro-ɓaro, ga rana, ga lokacin tashi. Har na kai wa Inna wayar tana tankaɗe a tsakar gida, ta goge hannu a zane ta karɓa, duk da ba ta karanta boko, ta yi ta kallon allon tana hamdala. A daren na tura kuɗin. Asusun ma sunan mutum ne, ba na kamfani ba. Ya ce na akantansu ne, na ofis netwok ya riƙe. A nan ya kamata in farga, amma na riga na ga suna a shafin kamfani, me kuma zan nema?

Kwana uku bayan haka yaron ya duba daga can, babu komai. Na kira dattijon, ya ce gyaran na'ura ake yi, amma akwai harajin filin jirgi naira dubu 95 da aka manta, in tura yanzu a sako tikitin. Na ce sai dai in zo ofis in biya hannu da hannu. Daga wannan maganar hotonsa ya ɓace a WhatsApp, layin ya koma a kashe.

Wani tsohon mai harkar tikiti a Sakkwato ne ya warware mani dabarar, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ashe kama kujera daban, yankan tikiti daban. Ana iya kama wa mutum kujera a jirgi ba tare da an biya ko kwabo ba, kamfani ya riƙe ta na ɗan lokaci, wani sa'i kwana ɗaya, wani sa'i biyu ko uku, in ba a biya ba ta faɗi da kanta. Wannan lambar mai haruffa shida ta kama kujera ce kawai, kuma muddin wa'adin bai cika ba za ka ga sunanka a shafin kamfani. Tikitin da aka biya yana da tasa lamba, tsurar alƙaluma 13, uku na farko suna nuna kamfanin: 077 na EgyptAir, 071 na Ethiopian, 065 na Saudia. Na koma na duba takardar da aka turo mana, wurin wannan lamba fayau yake. Ya ƙara da cewa ko mai alƙaluma 13 ɗin kada ka saki jiki, don ejan na iya yanka tikiti ya soke shi a ranar, kuɗinsa su dawo masa. Saboda haka a sake dubawa bayan kwana biyu, a kuma kira ofishin kamfanin jirgin a karanta musu lambar.

Ita kanta "har ƙofar gida" ɗin da na yi tunani da na gane ƙarya ce. Filin jirginmu sunansa na ƙasa da ƙasa, kuma alhazai na tashi daga nan, a 2024 ma daga nan jirgin farko na alhazan Najeriya ya ɗaga. Amma wannan jigilar hajji ce. Fasinjan da ya taso daga Misira ko Saudiyya ko Ingila, Abuja zai sauka, ko Kano, ko Legas. Daga nan sai ya nemi jirgin cikin gida, kuma na Birnin Kebbi jadawalinsa na yawan canzawa, sai ka tabbatar a makon da za ka yi tafiyar. Da yawa Sakkwato suke sauka, a filin jirgin Sultan Abubakar III, su hau mota ta Argungu ko ta Tambuwal da Jega, tafiyar kamar awa biyu. Mai bin ƙasa daga Abuja kuwa ya san hanyar: Kwantagora, Yauri, Koko, Jega, wuni guda cur. Daga Kano sai Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, Sakkwato, kuma ba direban kirki da zai yarda dare ya same shi a wannan hanya a halin da ake ciki. Jirgin ƙasa kuma babu shi. Layin dogon da ya biyo ta Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya. Na faɗi wannan ne don na ji an ce har tikitinsa wasu ke tallatawa.

Akwai ƙannensu masu cin ƙananan kuɗi, su sa hoton Sharon ko Hummer a Facebook, su ce a tura rabin kuɗin kujera kafin asuba. Mota a tasha ake biyanta, a gaban ɗan kamasho, bayan ka ga lambarta kuma an rubuta sunanka a takardar fasinja.

Washegarin ranar da layin dattijon ya koma a kashe na je banki, suka ce in kawo rahoton 'yan sanda, na kawo. Kuɗin an kwashe su tun a daren da na tura su. Na kuma kai ƙorafi ofishin EFCC na Sakkwato da hotunan hirarmu da rasit. Abin da ke hana ni barci yanzu hoton fasfon yaron ne da ke hannunsu.

Kawunmu ne ya ranta mana aka sayi wani tikitin zuwa Kano. Yaron ya kwana a can, ya biyo motar Sakkwato da sassafe, ya iso gida kwana ɗaya bayan ɗaurin aure. Inna ta ajiye masa alkaki da dubulan a kwanon sha. Shekaranjiya kuma na sake ganin tallar a wani zauren, hoton jirgin nan da na Ka'aba, sunan kamfanin da lambar waya kawai aka canza, an ƙara Kamba da Bunza a jerin garuruwan.