Rediyon kakanni ko na cikin waya?

Tsofaffin Jos in suka fara labarin rediyon da sai ka ji kwaɗayi wallahi. BBC Hausa ta fara a 1957, Rediyon Kaduna 1962, akwati ɗaya tal a gida, da safe labarai, da rana goge da kalangu da zaɓi sonka, bayan isha'i a baje tabarma ana jin wasan kwaikwayo, yaro ya yi tari a harare shi, don abin da ya wuce ya wuce kenan. Yanzu fa kowa da iyafis, ka tsayar, ka mayar baya yadda ka ga dama. Nan kam waya ta yi gaba, sai dai data na cin kuɗi, kuma kai kaɗai za ka yi ta ƙyalƙyala dariya cikin keke a Terminus mutane na kallonka.