Fulogin NGK a Golf ɗina: abin da na gani bayan wata takwas

Golf 3 ce motata, mai dogon baya, injin 1.8, kuma da ita nake ciyar da gidana. Ranar Lahadi ina Gujungu, ranar Alhamis ina Maigatari, sauran ranakun kuwa duk inda Allah ya kawo fasinja tsakanin ƙauyenmu da Gumel. Ta ɗauki buhunan riɗi da na soɓo, ta ɗauki awaki, ta ɗauki mai naƙuda da tsakar dare. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan fulogin nan, a kan hanyar burji da yashi na gwada shi, da kaya a baya.

Tun wajen kaka ta bara ta fara mis. Da safe sai na yi ta ba ta kii tana ƙi, har sai yaran unguwa sun fito sun tura. In ta tashi kuma sulo ba ya zama, sitiyari na karkarwa a hannuna, in na taka totur zan hau kwalta sai ta riƙa fizga kamar ana riƙe ta ta baya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, duk direban haya ya koma lissafin lita ɗaya ɗaya, ni kuwa ina gani man da ya saba kai ni kasuwa ya dawo da ni ya daina isa, sai na tsaya wajen 'yan bumburutu na ƙara.

Karon farko na yi abin da kowa ke yi. Na sayi fulogi huɗu a wajen wani mai tebur a wata tasha, cikin kwali mai sunan NGK, da araha sosai, na ba yaron gareji ya ɗaura. Ta yi lafiya mako uku. A na huɗu ciwon ya dawo, har ya fi na da. Da aka kwance, sai ga farin tangaran ɗin guda ɗaya ya tsage tun daga sama har ƙasa, wutar tana bi ta tsagar tana zuba a jikin injin maimakon ta shiga ciki. Ban ga laifin yaron ba, abin da na ba shi ya ɗaura.

Kawuna ya yi shekaru yana jan Peugeot 504 kafin idonsa ya raunana. Da na kai masa tsagaggen fulogin, ya juya shi a hannu, ya ce, “Ɗan nan, wannan ba na kamfani ba ne, kwalin kawai aka ara. Ka shiga Kano ka nemo na gaske, kuma ka ɗaura da hannunka. Direban da bai taɓa ganin bakin fuloginsa ba bai san motarsa ba.” Na ce, “To Kawu, in na ɓata fa?” Ya ce zai zauna a gefe yana kallo.

A watan Janairu na samu lodin Kano, na sauke, na wuce Ƙofar Ruwa. Shagon da aka kwatanta mini ƙarami ne, na wani dattijo, ba allo ba komai, kayan wuta na mota kawai yake sayarwa. Abin da ya fara burge ni, bai miƙo kaya ba sai da ya yi tambaya. “Malam direba, wane inji ne? Ka zo da tsohon?” Na ciro shi daga aljihu. Ya ɗauko nasa, NGK BUR6ET, mai ƙafa uku a baki, ya jera su a kan benci ya ce in duba da idona. Woshar da ke jikin nawa, da ya murza ta da yatsa sai ta zare ta faɗo. Ta nasa tana juyawa amma ta ƙi fita. Rubutun nawa ya yi dishi-dishi, har farce na kankare shi, nasa kuwa ya zauna raɗau a jikin tangaran. Akwai kuma 'yan lambobi da aka buga a jikin ƙarfen, wajen da sifana ke kamawa, nasa sun fito tsaf. Zaren murɗin nasa sumul, nawa kuwa in ka bi shi da yatsa sai ka ji kaushi.

Kuɗin ya kusa ninka na mai tebur sau uku. Na yi tayi, ya ce albarka. Na ƙara, ya ɗan rage abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce, “Alhaji, in na sauko ƙasa da haka, to ka tabbata ba shi na ba ka ba.” Na saya, na haɗa da sifanar fulogi mai lamba 21, irin mai roba a ciki da ke riƙe fulogin kada ya faɗi. Abin da ban ji daɗinsa ba a shagon guda biyu ne: ba ya karɓar tiransifa, sai da na zagaya neman mai POS na biya caji, kuma ba shi da wayoyin fulogi a ranar, alhali na so in haɗa gaba ɗaya. Ga mutumin ƙauye irina kuma, zuwa Kano yini guda ne, dole sai ka haɗa shi da wata tafiya.

Kamfanin NGK na Japan ne, tun 1936 yake wannan sana'a a birnin Nagoya, kuma lambar da ke jikin fulogin ba ado ba ce. Kowane harafi da abin da yake nufi: kaurin murɗin milimita 14, tsawonsa milimita 19, lamba 6 tana nuna yadda yake jure zafi, T ɗin ƙarshe kuma ƙafafun nan uku. Tsawon nan shi ne mutane ke wasa da shi. In ka sa gajere, wutar tana maƙalewa a cikin rami ba ta kai ga mai yadda ya kamata. In ka sa wanda ya yi tsawo da yawa, fistin na iya dukansa. Shi ya sa “ai duk fulogi fulogi ne” ba magana ba ce.

Akwai abin da ake yawan faɗa a tasha, wai mai ƙafa uku wuta uku yake bayarwa lokaci guda. Ba haka ba ne. Wuta ɗaya ce, tana tsallakawa zuwa ƙafar da ta fi mata sauƙi, in waccan ta ɗan cinye sai ta koma wata. Amfaninsa shi ne daɗewa, domin ƙafa uku ke raba wahalar da ƙafa ɗaya za ta sha. Kuma ba a bubbuga bakinsa a matse ko a buɗe kamar yadda muke yi wa na babur, yadda ya fito daga kwali haka ake ɗaura shi.

Ranar Juma'a da hantsi na yi aikin, a gindin darbejiyar ƙofar gida, motar ta kwana ba a tayar ba. Kawu ya nace a kan wannan: kan injin Golf alminiyom ne, ƙarfe mai taushi, in ka kwance fulogi yana da zafi kana iya fitowa da zaren ramin gaba ɗaya, daga nan kuma sai gareji da kuɗi mai yawa. A wannan injin fulogin huɗu suna gaba, suna kallon lagireto, da ka ɗaga bonet ka gan su, babu abin da za ka kwance kafin ka kai gare su.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne yashi. Lokacin hunturu ne, ƙura ta taru a gindin kowane fulogi har ta yi tudu, kuma da ka zare fulogin duk wannan cikin silinda zai zuba. Na ari famfon keke na hure kowane rami, na sassauta fulogin zagaye ɗaya, na sake hurewa, sannan na fitar. Wanda ke zaune a birni zai ga kamar ɓata lokaci ne. Mu da ke bin hanyar Maigatari mun san abin da yashi ke yi wa ringi.

Waya ɗaya na riƙa cirewa, in gama da fuloginta, in mayar, sannan in taɓa ta gaba. Injin yana ba da wuta ne a jere 1, 3, 4, 2, lamba ɗaya tana ɓangaren bel, kuma in ka tuge wayoyin duka huɗu ka rikita su, mota ba za ta tashi ba, ko ta tashi tana harbi ta salansa. A wuyan robar ake kamawa a ɗan murɗa a ja, ba a jan wayar kanta.

Wajen ɗaurawa Kawu ya ba ni dabarar da har yanzu nake gode masa. Ya yanko guntun tiyo kamar tsawon taƙi, ya cusa kan fulogin a ciki, ya ce da shi zan fara murɗawa. In fulogin ya hau daidai, zai yi ta shiga ba gardama. In ya karkace, tiyon zai zame kafin ya yi ɓarna. Na uku ya ƙi mini sau biyu, na dawo da shi baya na sake, a karo na uku ya shige. Sai da kowanne ya zauna da hannu sannan na kawo sifana, na ƙara rabin zagaye ko ɗan fiye kaɗan, yadda woshar za ta kwanta. Wanda ke da sifana mai awo, wajen 25 zuwa 30 ne a ma'aunin Nm. Hannuna ya so ya ƙara, Kawu ya ce, “Tsaya nan. Ba tayar tirela kake ɗaurewa ba.” Ban shafa musu giris ko baƙin mai ba, kamfanin da kansa ya ce a ɗaura su a bushe. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba.

Bugu ɗaya ta tashi. Sulo ya zauna, na ɗora kofin ruwa a kan dashbod ina kallo, da ƙyar yake motsi.

Amma ribar da ban yi tsammani ba a cikin tsofaffin na same ta. Na jera su a kan kwali yadda suka fito, ɗaya zuwa huɗu. Uku sun yi baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, na silinda ta uku kuwa baƙi ne mai danshi, yana maiƙo. Fulogi mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa yake zuwa toka-toka. Busasshen baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. Mai motar na farko ya cire injekta ya sa kafireto, kamar yadda ake yi wa Golf da yawa a nan, ashe an buɗe mata mai fiye da kima, matatar iska kuma ta toshe da ƙura har ba ka ganin hasken rana ta cikinta. Na sauya matatar, kafireton kuma na kai wa makanikena a Gumel ya daidaita, domin wannan ba aikina ba ne, kunne yake so da shekaru a sana'a. Da a gareji aka sauya fulogin aka watsar da tsofaffin a kwata, da har yau ina ƙona man banza, da sababbin ma sun yi baƙi cikin wata guda ina zargin mai shago.

Yanzu wata takwas ke nan. Sun ga sanyin hunturu, sun ga zafin bazara, sun ga damina da ruwan da muke kutsawa a hanya. Ba a sake tura ni da safe ba ko sau ɗaya. Man da nake zubawa ranar Alhamis yana kai ni Maigatari ya dawo da ni har da saura, amma gaskiya ba zan ɗora wannan duka a kan fulogi ba, matatar iska da gyaran kafireto suna da nasu kason. Abin da na tabbata na fulogin ne shi ne tashin safe da ɗaukewar mis ɗin nan, domin tun ranar farko na gan su kafin in taɓa komai.

Inda bai yi mini magani ba shi ne silinda ta uku. Maiƙon nan baƙin mai ne ke hawowa, ko ta ringi ko ta robar bawul, kuma babu fulogin da zai hana shi, ko na nawa ne. Duk bayan mako shida ko bakwai sai na ji ta fara ɗan tsallake a sulo, in kwance na ukun in wanke da fetur da buroshi. A nan ne mai ƙafa uku yake da wahala, datti yana maƙalewa a tsakanin ƙafafun, ba ya fita da sauƙi kamar na mai ƙafa ɗaya. Wanda injinsa ke shan baƙin mai sosai, ina ganin ya fara gyara injin kafin ya kashe kuɗi a kan wannan fulogin.

Kuma kada wani ya ɗauki lambar nan ya kai wa kowace mota. Maƙwabcina mai Corolla ya zo aron sifanata, ta ƙi shiga, tasa lamba 16 take so, kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kai, lambar fuloginsa ma daban. Masu Sienna mai silinda shida kuwa, ukun baya suna ɓoye a ƙarƙashin bututun iska, sai an yi kwance-kwance kafin a kai gare su. Wannan ban ba kowa shawarar ya fara koyo a kai ba. Amma mai Golf 3, da sifana ɗaya da guntun tiyo da famfon keke, babu abin da zai hana shi.

Shekaranjiya na kwance duka huɗun na duba. Na ɗaya, na biyu da na huɗu ruwan ƙasa suke, ƙafafunsu ba su ci ba, na mayar da su yadda suke, wannan karon da ɗan matsi kaɗan tunda woshar ta riga ta kwanta. Na ukun na wanke. In an yi girbin riɗi kuɗi sun shigo, zan sauke injin a sa ringi, kuma ranar da na shiga Kano sayen ringin zan biya ta wajen dattijon nan in ɗauki wasu huɗu, in duba ko wayoyin sun iso.