Tiyon mayar da baƙin mai na turbo: abin da na gani bayan na ɗaura shi a BMW E36

Kayan da nake magana a kansu saiti ne na mayar da baƙin mai daga turbo (na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa don ta cusa wa inji ƙarin iska) zuwa kaskon da ke ƙasan inji, irin wanda ake oda ta intanet daga Chaina, ba wani sanannen suna a jikin ledarsa. A ciki akwai tiyo mai saƙar ƙarfe girman AN10, da farantin da ake ɗaurewa a gindin turbo tare da gasket ɗinsa, da mahaɗai uku (miƙaƙƙe, mai kwanar digiri 45 da mai digiri 90), sai ɗan bakin da ake waldawa a jikin kasko. Motata 328i ce mai injin M52 lita 2.8, wanda kamfani bai yi shi da turbo ba, mu muka ƙara masa. Hukuncina a taƙaice: tiyon ya yi, sauran tarkacen sai an tsince.

Dalilin da ya sa na damu da wannan ɗan bututu shi ne, mai yana shiga turbo da ƙarfin famfon inji ta siririn layi, amma wajen fita babu mai tura shi, nauyinsa kaɗai ke gangarar da shi. Kuma ba a ruwansa yake fitowa ba. Sandar turbo na juyi sama da sau 100,000 a minti, don haka man yana fitowa a kaɗe, duk kumfa, kamar an burka miyar kuka, ga shi yana neman fili fiye da yadda ya shiga. Abin da ke tare shi daga ɓangaren salansa kuwa ba roba ba ce, 'yan zobba ne na ƙarfe irin ringin fistin. Da zarar hanyar fita ta cushe, man ya taru ya kai tsayin zobban, sai ya tsallaka. Daga nan shuɗin hayaƙi, sai ka ji ana cewa turbo ya mutu, a je a sayo wani, alhali lafiyarsa ƙalau.

Tiyon kansa ban ga aibinsa ba. Cikinsa santsi, ba ya lanƙwashewa ya toshe idan aka ɗan karya shi, kuma har yanzu bai yi gumin mai ba. Tsawonsa ya yi yawa, amma gara a yanke da a nemi ciko. A naɗe wurin da salatif kafin a yanka, in ba haka ba saƙar ƙarfen ta tarwatse ta soke yatsu, ta kuma ƙi shiga mahaɗi.

Matsala ta farko ɗan bakin walda ne. Na ƙarfe suka sako, kaskon M52 kuwa na alminiyom ne, ba sa waldawa da juna. Sai da muka sa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar mana da na alminiyom, muka kai wa mai waldar argon. Cire kaskon a E36 ma aiki ne, dole a rataye inji a sauke ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba. Wani yaron gareji ya kawo shawarar a huda shi a jikin mota a huta. Bakanike ya dube shi ya ce, "Kai, garin ƙarfen fa, a cikin wa zai zauna?" Maganar ta mutu nan. Mun cire, aka huda can sama kusa da leɓen kasko, sama da inda mai yake tsayawa idan an zuba lita 6.5 ɗin da injin ke ci. Idan bakin ya nutse cikin mai, mai kumfa ba zai iya ture na ƙasa ya shiga ba.

Na biyu, mahaɗin nan mai digiri 90. AN10 na nufin kashi 10 cikin 16 na inci, kusan milimita 16, amma wannan awon waje ne. Da muka ɗaga mahaɗin muka leƙa, ramin cikinsa ya fi ramin gindin turbo ƙanƙanta, ga kwanar a tsaye ƙyam kamar an haɗa ramuka biyu, ba lanƙwasa mai laushi ba. Kamfanin Garrett mai ƙera turbo, wanda ya san shi fiye da mu duka, yana cewa AN10 kan wadatar, amma kada cikin layin ya gaza ramin turbo faɗi, kada ya yi tudu da kwari, kada kuma ya yi doguwar kwanciya. Wannan mahaɗi ya saɓa ƙa'ida ta farko, kuma da mun sa shi da ya jawo ta uku. Yana cikin akwatin sifana har yau.

Inda aka sha wuya shi ne neman hanya. Injin BMW mai silinda shida a kishingiɗe yake digiri 30 zuwa ɓangaren salansa, wato daidai inda turbo ke zama, ga hannun da ke riƙe inji ya tokare tsakani. Sa'armu ɗaya, motocinmu sitiyarin hagu ne, sandar sitiyari tana ɗaya ɓangaren. Masu sitiyarin dama irin na Ingila sun fi mu kuka. Mun sassauta tsakiyar turbo muka juya shi har bakin fitar mai ya dubi ƙasa, muka sa miƙaƙƙen mahaɗi a sama, mai digiri 45 a kasko. Kafin a ɗaure, bakanike ya tsiyaya mai ta saman tiyon muna kallo ta rami, ya zubo ba tsayawa. Saitin bai zo da rigar kare zafi ba, ga layin yana bi dab da bututun salansa, sai da na saya daban. Saƙar ƙarfen kuma tana cin duk abin da ta goga, don haka mun kafe ta nesa da wayoyi.

Gasket ɗin takarda ce siririya, mun sa ta haka a bushe. Ban yarda a shafa gam ba, domin yana matsowa ciki ya rage ramin.

Tun da aka gama, ko a sulo ko bayan an taka totur an saki, ban ga hayaƙi ba, kuma bututun iska a bushe yake idan na sa yatsa. Amma kada a ba tiyon duka yabon: mun faɗaɗa hanyar numfashin inji a lokaci guda, saboda iskar da ke kuɓucewa ta ringi idan ta taru a kasko, ita ma tana danne man ya kasa sauka.

Wanda turbonsa ke sama kuma kaskonsa na ƙarfe ne, saitin zai yi masa kusan yadda ya zo. Mai E36 ya ware kuɗin walda da rigar zafi tun farko, ni sun ci mini fiye da kuɗin saitin. Wanda turbonsa ya sauka ƙasa har babu gangara kuwa, kada ya ɓata kuɗinsa a nan, famfon lantarki mai zuƙe mai yake buƙata.