Kashi ko jini: wanne za a ɗauka don duba lafiyar bika?

Ɗaliban makarantar namun daji ta Garwa, a Kamaru, sun sha yin wannan tambaya.

Kashi ya fi araha. A yi sammako gindin bishiyar da garken ya kwana a gandun dajin Binuwai, a ɗebi ɗanye: rabi cikin fomalin (ruwan maganin hana ruɓewa) mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 don ƙwan tsutsa, rabi cikin barasar gwaji don ƙwayar gado. Matsalarsa, rana tana lalata shi, kuma da wuya ka san na wane ne in ba ka gani da idonka ba.

Jini kuwa galibi sai an harba wa birin allurar sa barci, kamar ketamin. Birin na iya faɗowa daga reshe, garken ya daina yarda da mutum.

Mai ƙaramin kuɗi da doguwar bibiya, kashi ya ishe shi. Mai neman cututtukan jini, in yana da likitan dabbobi da firji, ya ɗauki jini.