Kafin ka sayi garmar tarakta, duba inda za ta juya

Da watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu ɗan hali a Zariya sai su shiga cigiyar garma. Tarakta dai an saya, galibi Massey Ferguson 375, saura abin da za a rataya mata. Kowa farashi yake tambaya. Ni abin da nake fara tambaya shi ne yadda fasalin gonar yake.

Garma mai faranti uku, wadda kowa ya sani, hannun dama kaɗai take kifa ƙasa. Don haka direba ba zai kai ƙarshen gona ya dawo ta gefen sawunsa ba. Ko dai ya faro daga tsakiya yana faɗaɗawa, ƙasa ta taru ta yi tudu a wurin, ko ya faro daga gefuna biyu ya haɗe a tsakiya, ya bar kwari. Direban da ya san aikinsa, in ya tara bana, baɗi buɗewa zai yi. Wanda bai sani ba kuwa, na ga aikinsa a wata gona kan hanyar Giwa: kwari ɗaya ake maimaitawa duk damina har ya zama ƙorama, ruwan Agusta ya kwanta, masarar layin ta yi jawur ta tsumbure.

Sannan kowane kai sai an bar fili a bakin gona, a ɗaga garma, a yi kwana, daga ƙarshe a dawo a nome filin. Gajeriyar gona, irin ta gado da aka raba gida biyar, juyi ne ke shanye gas ɗin.

Garma mai kifewa, wadda ke iya kifa ƙasa dama ko hagu, ta raba wannan gardama. A bakin gona haidirolik ya juya ta, direba ya dawo ta gefen layin da ya gama, ba tudu ba kwari. A gangare ma ta fi, don ana iya bi a gicciye ana kifa ƙasa gefe guda. Sai dai tsada, ga nauyi, har gaban tarakta kan nemi ɗagawa in ba a ɗora masa ƙarfe ba. In gonarka doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, ka bar wa manya.

Mai baki irin na garmar shanu ta fi binne ciyawa, amma kututture da marmara ba sa raga mata. Faranti kuwa birgima yake ya haye. Shi ya sa a ƙasarmu nake zaɓar mai faranti.

In ta hannu za ka saya, kama kowane faranti ka girgiza. Ya yi lilo, boris ɗin da yake juyawa a kai ya tafi. Leƙa ƙarfen da ke riƙe da su: in ka ga tabon walda, mai yiwuwa an sha yin kwana da ita tana cikin ƙasa. Rage kuɗin, ko ka ƙara gaba.